Idan anka fiddo wa mutum hanji, a lura da fitsarinshi

A wannan wata ina so mu yi magana bisa wata lalura da mutane ba su son ambatonta cikin taro. Ita ce ta mutumin da anka yi wa aikin fiɗa, anka fiddo bakin hanjinshi ta gefen ciki, kashi shina fita ta nan cikin ƴar jaka. Dokotoro suna ce wa wannan aiki iliyostomi. Mu a ƙauye cewa muke yi: an fiddo mishi hanji.

Duk wanda ya ga mai wannan lalura, bisa jakar idonshi shike tsayawa. Ga wari, ga ɓacin tufafi, ga fatar ciki tana saɓulewa. Duka wahala ce, ban musa ba. Amma abin da ya fi mayar da irin waɗannan mutane likita a kwance, ba a gaban ciki shike ba. Can baya shike, wajen kwiɓi, inda ido ba shi gani. Ƙoda ce.

Ni ba dokotoro ba ne. Manomi ne a ƙasar Maraɗi, da rani kuma ina karantar da manya ƙarƙashin rumfa. Abin da na sani, jinyar ɗan ƙanena ce ta koya mini shi, wata 4 cur.

A watan Fabrairu na 2023 masassara ta kama yaron, shina da shekara 14. Ta ƙi sauka. Cikin sati na 3, da dare, ya yi ƙara, cikinshi ya kumbura ya yi tauri kamar allo. Munka aza shi amalanke zuwa likitar gari, daga can mota ta kai mu babbar likita. Dokotoro ya ce tifoyid ce, ta huda hanji wuri 3.

Tifoyid ƙwayar cuta ce da ke shiga mutum ta ruwa ko abincin da ƙazantar mai cutar ta taɓa. Tana zama a ƙarshen ƙaramin hanji, ta yi gyambo. In ba a samu maganin da ya dace ba, wajen sati na 3 gyambon shi huje, abin cikin hanji shi malale cikin ciki. Idan hudar guda ce kuma anka zo da wuri, sai a ɗinke. Idan tana da yawa, ciki ya cika da mugunya, ɗinki ba shi riƙewa. Sai dokotoro shi fiddo hanjin waje, na ƙasa shi huta, bayan ƴan watanni a mayar. A ƙasashen Turai, yawancin waɗanda ake yi wa wannan aiki manya ne, da yawansu masu ciwon daji a ƙarshen hanji. A nan wajenmu yara ne sunka fi yawa, kuma tifoyid ce sanadi. Dokotoron babbar likitar Damagaram da na Galmi sun yi rubuce-rubuce a kan haka.

Ranar da za a sallame mu, majo ya kira ni gefe. Ya ce: "Malam, ka taɓa feɗe akuya?" Na ce ai ba adadi. Ya ce: "To, mi kake gani cikin siririn hanjin nan mai tsawo?" Na ce ruwa-ruwa ne, kamar kunu. "A ƙarshe kuma fa, kusa da mafita?" Na ce ƙwaya-ƙwaya, busasshe. Ya ce: "To ina ruwan ya tafi?"

Ga amsar. Mutum shina da hanji iri 2. Ƙarami, siriri ne, tsawonshi ya kai kamar mitir 6. Babba, gajere ne mai kauri, kamar mitir 1 da rabi. Abin da babban mutum shike sha a yini, in an haɗa da miyau da ruwan tumbi da na matsarmama da sauransu, shina kai litar 8 ko 9. Ƙaramin hanji shina tsotse mafi yawanshi. Kamar litar 1 da rabi ke wucewa cikin babban hanji. Shi kuma aikinshi ke nan: shi tsotse sauran ruwan da gishirin da ke ciki, shi mayar da su cikin jini. Abin da ke fita da kashi bai fi cikin ƙaramin kofi ba.

Wanda anka fiddo wa hanji, an tsallake mishi babban hanjin ne. Ruwan da ya kamata shi koma jini, jaka shike zuba. In jiki ya saba, na babban mutum shina tsayawa wajen rabin litar zuwa ƙasa da litar 1 a yini, da kaurin kunu. In ya wuce litar 1 da rabi, an shiga hatsari. Kuma ba ruwa kaɗai ke tafiya ba. Kowace litar tana fita da gishiri kamar garam 6, wato ƙaramin cokali guda. Kullum, dare da rana.

Mi ya haɗa wannan da ƙoda? Ƙoda matatar jini ce. Guda 2 ce, kowace kamar dunƙulen hannu. A yini guda suna tace ruwan jini kamar litar 180, su mayar da kusan duka, su fid da dauɗar cikin fitsari kamar litar 1 da rabi. Amma matata ba ta aiki sai da ruwa. In ruwan jiki ya ragu, jini shi ragu, abin da ke isa ƙoda shi ragu. Da farko ƙoda tana tsumulmula, fitsari shi yi kaɗan shi yi ja. In anka ƙara ruwa a wannan lokaci, komi shina komawa daidai. In anka bari kwanaki sunka wuce, ƴan siraran hanyoyin cikin ƙodar su lalace. Dauɗa ta taru cikin jini. Kuma in haka ta yi ta faruwa, yau a bushe, gobe a farfaɗo, kowane karo shina barin tabo. Akwai waɗanda anka mayar wa hanji lafiya lau, amma ƙodarsu ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba. Wasu kuma tsakuwa ke fito musu a ƙoda, don fitsarin ya daɗe shina da kauri.

Yanzu ga wurin da ya fi ba ni mamaki. Na ce wa majo, ai abin da sauƙi, sai mu ɗura wa yaro ruwan randa har shi ƙoshi. Ya girgiza kai. Ya ce ruwa zalla, in jaka tana zuba da yawa, ƙara ɓarna shike yi. Farkon ƙaramin hanji kamar tsumma shike, shina yoyo ta kowane gefe. In ruwa marar gishiri ya shigo, sai shi jawo gishirin jini zuwa cikin hanji, su fice tare. Mutum shina sha, ƙishi shina ƙaruwa, jaka tana cika. Haka shayi mai sukari da yawa shike yi, haka lemun kwalba, haka ruwan yakuwa da anka zaƙaƙa.

Makiyayi ba shi bukatar a yi mishi dogon bayani a nan. Shanu sun sha ruwan damina sun ƙoshi, sun ci ɗanyar ciyawa, amma duk da haka ana kora su arewa zuwa Ingal wajen watan Satumba don su lashi ƙasa mai gishiri. Wanda bai je ba shina sayen kantun Bilma. Kowa ya san ruwa kaɗai ba shi riƙe dabba. To, ɗan Adam ma haka ne, sai dai mai lafiya ba shi lura, don babban hanjinshi shina tattala mishi gishirin.

Maganin abin a hannunmu shike tun da daɗewa. Shi ne garin nan na ƴar takarda da ake ba yara masu zawo, SRO. Gishiri da sukari, in sunka haɗu daidai gwargwado, ƙofa guda suke bi su shiga jini, ruwa kuma shi bi su. Ƙungiyar lafiya ta duniya OMS da UNICEF sun gyara ma'auninshi a 2002. Takarda guda cikin litar 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a yi na gida: litar 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe bakin, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri da ka, musamman ga yaro, yawanshi ma guba ne. Kada a sa kanwa. Abin da ya kwana ya yini, a zubar a dama sabo. Ga manya da jakarsu ta ƙi tsayawa, akwai wani haɗi mai gishiri fiye da wannan, na likitar Sen Mark ta birnin Landan: garam 20 na sukarin gilikoz, garam 3 da rabi na gishiri, garam 2 da rabi na bikarbonat cikin litar 1. Wannan dokotoro ne ke sa shi, ba a yin shi da ganin dama.

Da munka dawo gida, na samo gorar roba guda 2, irin ta litar 1 da rabi. Na yanke musu baki, na zana layi a jikinsu da wuƙa: rubu'i, rabi, litar. Guda ta abin jaka, guda ta fitsari. Na ware kaye guda. Kowace safiya in ja layi biyu, in rubuta. A nan na ga amfanin karatun manya da idona, don ranar da na tafi kasuwa, uwar yaron ce ke rubutawa, ita da ta koyi lamba shekara 2 da sunka wuce. Rubutunta a karkace shike, amma dokotoro ya karanta shi.

Jakunkunan ainihi suna da tsada, kuma ba kullum ake samunsu ba. Mutane da yawa leda suke ɗaurawa, ko tsumma. Ban ga laifin kowa ba, abin da hannu ya kai ne. Sai dai mai tsumma ba shi iya aunawa. To ko ƙirga sau nawa anka canza a yini, a rubuta. Fitsari kuwa kowa na iya tara shi.

Gardamar da na fi sha a gida, da tsohuwarmu ce. Ta ga duk sa'ad da yaro ya sha, tabarma ta jiƙe. Ta ce: "Malam, yaron nan kamar tulu mai huda shike. A rage mishi sha, ko ya huta da kunya gaban mutane." Na ce: "Inna, gaskiyarki, ruwan randa wucewa shike yi. Amma in munka hana shi duka, ƙodarshi za ta bushe. Wannan na gorar za shi riƙa kurɓa." Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce hawaye ne. Daga baya ita ce ta zama mai gadin gorar, ba wanda ya isa shi taɓa.

Wannan tunani na Inna shina gidaje da yawa, kuma shi na fi tsoro. Uwa tana rage wa ɗa ruwa don tausayi. Shi kanshi marar lafiyar shina ƙin sha don kada jaka ta cika a gaban baƙi. Jaka ta yi sauƙi yini guda, kowa ya yi murna, ba wanda ya tambaya yaushe rabonshi da fitsari.

Abinci ma munka gyara. Shinkafa, tuwon gari mai laushi da anka tankaɗe sosai, makaroni, dankali, burodi, ayaba in an samu: waɗannan suna ƙara wa abin jaka kauri. Miya da gishirinta daidai, har a ɗan barbaɗa mishi ƙari. Kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini, a tauna da kyau. Majo ya ce kada shi haɗa ci da shan ruwa mai yawa, a bar tazara kamar ta rabin awa. Kunun tsamiya munka dakatar, don tsamiya tana saki. Gyaɗa ɗanya, gasasshiyar masara, mangwaro mai zare da kwaɗon ganye mai kara, su kuma toshe bakin hanjin suke iya yi.

Azumin 2023 ya kama a ƙarshen watan Maris, ya shiga Afrilu. Kun san Afrilun ƙasarmu, zafi shina wuce digiri 40, zufa kuma ita ma ruwa ce da gishiri. Yaro ya ga tsaranshi suna azumi, ya ce shi ma sai ya yi. Limamin garinmu da kanshi ya zo ya zauna da shi, ya ce Allah ya sauƙaƙa wa marar lafiya, shi sha, in ya warke shi rama. Da bakinmu kaɗai ne, da bai ji ba.

Duk da haka sai da tsoro ya zo. Tsakiyar Afrilu, kaye ya nuna jaka ta tashi daga rubu'i 3 zuwa litar 1 da rabi. Wanshekare ta kusa litar 2, kuma abin ya koma ruwa tsululu. Fitsari tun safe har la'asar bai rufe gindin gora ba, kuma ja ne kamar shayin farko. Harshe ya bushe, ido ya faɗa. Ya miƙe, jiri ya ɗebe shi. Ya ce: "Baba, ƙafata tana ɗaurewa." Munka ba shi SRO, ya amayar. Wanda ke amai, baki ya daina amfani, sai jijiya. A daren munka kama hanya.

A likita anka ɗebi jini, anka auna wani abu da ake ce wa kireyatinin. Dauɗa ce da nama ke fitarwa kullum, ƙoda kuma tana zubar da ita. In ta hau cikin jini, ƙoda ta gaza ke nan. Tashi ta hau. Anka ɗaura mishi serom, kwana 3. A rana ta biyu fitsari ya ɓalle, ya yi fari. Ban taɓa zaton zan yi wa fitsari murna haka ba. Dokotoro ya ce zawo ne ya kama shi, irin wanda ke kama kowa, sai dai shi ba shi da babban hanjin da za shi tare mishi. Ya duba kaye, ya rubuta mishi loperamid, maganin da ke rage gudun hanji, a sha kafin abinci. Wannan ma ba a sayenshi da ka, balle ga yaro, balle in akwai masassara ko ciki ya kumbura.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo makiyayi daga wajen Dakoro. Shi hanjinshi murɗewa ya yi, anka yanke anka fiddo. Ya koma daji, ya ɗauki azumi. In an sha ruwa, shayi shike bi da shi, kofi bayan kofi. Da baya ya dame shi da ciwo, anka sayo mishi diklofenak wajen mai tallar magani. Kwana 4 fitsari ɗigo-ɗigo, ba wanda ya sani, don babba ba a tambayarshi wannan. Ya iso da kumburin fuska, da shaƙuwa, hankali shina gushewa. Serom bai tada ƙodar ba. Anka ce sai wankin jini da na'ura, anka tura su likitar Lamorde a Yamai, tafiyar da ta wuce kilomitir 600. Na haɗu da ɗanshi a kasuwa bayan damina. Ya ce tsoho ya rayu, amma ƙodar rabin aiki take yi, kuma garken ya ragu ƙwarai.

Batun diklofenak ɗin nan, ku riƙe shi. Shi da ibuprofen da danginsu suna matse hanyar jinin da ke shiga ƙoda. Mai lafiya da ya ƙoshi da ruwa shina iya ɗauka. Wanda ya bushe, su ne ke ƙarasa shi. Kuma su sunka fi yawa bisa tiren masu talla, kala-kala, ana ce musu maganin gajiya. In ciwo ya dami mai jaka, parasetamol ne, bisa ma'auni. Filasko da duk wani jiƙo na wankin ciki, a nisanta su. Dattijon da dama shike shan maganin hawan jini, ko na sa fitsari, ko na ciwon sukari, shi kai su gaban dokotoro tun ranar sallama, don wasu ana dakatar da su ranar da jaka ta yi yawa.

Ga babban mutum, fitsarin yini da kwana ya kamata shi kai kusan litar 1, launinshi fari-fari kamar karan gero. In ya kasa rabin litar, ko yini ya wuce babu, ba a jiran safiya, ba a jiran ranar kasuwa da mota ke zuwa. Na yaro, a tambayi dokotoro ma'auninshi tun kafin a baro likita, don da nauyinshi ake lissafi.

Sai batun mayarwa. Dokotoro kan so a mayar da hanji bayan wata 2 ko 3, in mutum ya yi ƙwari, jininshi ya dawo. Amma na ga gidajen da ke cewa a bari sai kaka, in an sayar da wake. Na san babu ce ke sa haka. Sai dai ku auna: kowane wata da jaka, wata ne na zubar ruwa da gishiri, ga kuɗin leda da sabulu da hanya. In da abin sayarwa ko dangin da za su haɗa hannu, a yi tun bazara ba ta kama ba. Namu ya kai wata 4 don yaron ya rame ƙwarai, sai da ya ƙara kilo 5 dokotoro ya yarda.

A watan Yuni anka mayar. Kwana 3 bayan aikin ya zagaya ta hanyar da Allah ya yi. Satuttukan farko zawo ne, sau da yawa a yini, don babban hanjin ya daɗe bai yi aiki ba. Munka ci gaba da gorar SRO har ya daidaita. A Satumba anka sake auna kireyatinin, ta sauka inda ake so. Dokotoro ya rubuta cikin karnenshi cewa ƙodar ta taɓa samun rauni, a riƙa auna jinin sau guda kowace shekara, kuma duk likitar da ya je, shi nuna wannan shafi kafin a rubuta mishi magani.